ZAUREN NA'URA: Kafin ka sayi ganuwa, dubi wadda ke gidanka

Wannan mako zaurenmu ya sauka kudu, ƙasar Magarya da Dungas, domin daga can tambayar ta zo, kuma ta bakin mutum biyu da ba su san juna ba. Na farko wani malamin lakkol ne a Dungas, wanda ya rubuto cewa sunayen ɗalibansa da sakamakonsu na shekara uku duk suna cikin kwamfutarsa ta gida, kuma an ce masa in bai sa mata abin da Faransawa ke kira «pare-feu» ba, wata rana zai wayi gari babu ko ɗaya. Na biyu wani Alhaji ne mai sayen riɗi da wake a Magarya, wanda muka zauna da shi a ƙofar shagonsa bayan la'asar. Ya sayo kwamfuta ta hannu daga Kano, ɗansa ya zuba masa littafin bashi a ciki, sa'an nan wani mai gyara ya ce ya kawo jika goma a sa mata «pare-feu» mai ƙarfi. Alhaji ya ce mini: "Malam, jika goma ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, ban san abin da zan saya ba. Ni kuwa ko akuya ba na saye sai na duba bakinta."

Alhaji ya yi gaskiya, saboda haka bari mu duba bakin akuyar.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Duk wanda ya yi aiki a arewacin jihar Damagaram, wajen Tanut ko Gure, ya ga yadda ake share doguwar hanya cikin ciyawa bayan damina domin in gobarar daji ta taso ta tsaya a nan, kada ta cinye makiyaya. Ita ma «pare-feu» ake ce mata. Amma a sha'anin kwamfuta ni na fi son in ce ganuwa, irin wadda Sarki Tanimu ya ƙarfafa a Birnin Damagaram cikin ƙarni na 19, domin amfanin ganuwa ba a tsayinta kaɗai yake ba, yana ga ƙofofinta da masu tsaronsu. Kwamfutar da ke kan intanet tana da ƙofofi masu lamba har zuwa 65,535. Shafukan da muke karantawa ta ƙofa ta 80 da ta 443 ake neman su. Rabon takardu tsakanin kwamfutoci masu Windows yana bi ta 445. Mai son ya sarrafa na'ura daga nesa yakan nemi ta 3389. Aikin manhajar ganuwa shi ne ta tsaya a bakin waɗannan ƙofofi, ta dubi duk saƙon da ya zo, ta tambaye shi daga ina, zuwa ina, wa ya kira shi. Wanda mai gida ya aika a kirawo ya shiga. Wanda ya zo haka kawai yana ƙwanƙwasa a bar shi a waje.

Mun san abin da ke faruwa in babu mai gadin. A watan Agusta na 2003 wani birus mai suna Blaster ya bi ta ƙofa ta 135 ya shiga kwamfutoci a duniya baki ɗaya, ba tare da mai na'ura ya taɓa kome ba. Waɗanda suka yi zamanin siber a Yamai ko Damagaram za su tuna na'urar da ke ƙirga daƙiƙa 60 sa'an nan ta mutu ta sake tashi. Shekara ta zagayo, Sasser ya zo ta ƙofa ta 445. Wannan ne ya sa a 2004 kamfanin Microsoft ya yi wa Windows XP babban gyara, ya mai da ganuwarsa ta zama a kunne tun daga ranar farko. Tun daga lokacin, kowane Windows da ganuwarsa yake zuwa, kyauta, a cikin jikinsa.

Ke nan amsar farko ga Alhaji da malam ita ce: kuna da ita, ba ku sani ba. Wanda kwamfutarsa ke Faransanci ya rubuta «pare-feu» a wurin bincike na ƙasan allo, ya buɗe «Pare-feu et protection du réseau». Wanda tasa ta zo daga Kano da Ingilishi ya rubuta firewall, wuri guda zai kai shi. Zai ga layi uku, na ma'aikata, na gida, da na bainar jama'a, kuma a ƙarƙashin kowane ya kamata a ga an rubuta cewa ganuwar tana aiki. Da muka buɗe ta Alhaji, dukkan ukun a kashe suke. Ban yi mamaki ba. Mafi yawan kwamfutocin da ake sayowa na hannu an cika su da manhajojin sata, masu zuba su kuwa sukan kashe ganuwa da maganin birus domin satar ta zauna, kuma ba su damuwa su sake kunnawa. Dannawa uku muka yi, jika goma ta koma aljihu.

Sai dai akwai abin da masu gyara ba su cika faɗi ba, kuma ya shafe mu fiye da mutanen Turai. A Magarya, Bande, Waca ko Malawa, kusan kowa ta salula yake shiga intanet, ko dai ya raba daga wayarsa, ko ta ƙaramin akwatin da ake sa wa layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom. Wayar da akwatin su da kansu shinge ne, kuma kamfanonin salula sukan tara mutane masu yawa a bayan adireshi guda, ta yadda baƙon da ke wata ƙasa zai sha wuya kafin ya gano ƙofarka balle ya ƙwanƙwasa. Haɗarin yana ƙaruwa ne ranar da ka ɗauki kwamfutar ka tafi taro a Damagaram ko Yamai, ka hau wifi na otel ko na wata ma'aikata tare da mutum hamsin da ba ka sani ba. A nan kowa maƙwabcinka ne, babu shinge tsakaninku. Saboda haka duk lokacin da Windows ya tambaye ka irin layin da ka hau, in ba na ɗakinka ba ne ka zaɓi «Réseau public». Wannan zaɓi yana ɓoye na'urarka daga idon sauran, yana rufe ƙofar rabon takardu. Ni ko a gida haka nake barin tawa, tunda ba ni da kwamfuta ta biyu da zan raba wa kome.

To, in haka ne, me ya kawo sauran manhajojin da ake talla? Dalili guda ne mai ƙarfi. Ganuwar Windows, yadda take zuwa, tana tsananta wa mai shigowa amma ba ta tambayar mai fita. Ɗan kasuwar da ya saba wucewa ta Tinkim zuwa Babban Mutum, ko ta Dungas zuwa kasuwar Maigatari, ya san duwan ba kayan shigowa kaɗai suke dubawa ba. In wata muguwar manhaja ta riga ta zauna cikin na'urarka, fita take so ta yi da lambobin sirrinka da takardunka, kuma ƙofa a buɗe za ta tarar. Ko manhajar da ba ta da mugun nufi, tana iya fita ta kwaso gyare-gyarenta cikin dare ta cinye forfen da ka saya na mako guda. A ƙasar da ake auna intanet da mega kamar yadda ake auna gero da tiya, wannan ma asara ce.

Ga mai son ya tsare ƙofar fita, akwai na kyauta da suka isa. Windows Firewall Control, wadda kamfanin Malwarebytes ya saya a 2018, ba sabuwar ganuwa ba ce, linzami ce da ake sa wa ta Windows domin ta riƙa sanar da kai duk manhajar da ke neman fita. TinyWall kuma ƙarama ce, ba ta nauyaya tsohuwar na'ura, kuma ɗabi'arta ita ce ta hana kowa fita sai wanda ka rubuta sunansa, ba tare da ta dame ka da tambaya ba. ZoneAlarm ita ce tsohuwar gidan, tun farkon shekarun 2000 ta yi suna, kuma kamfanin Check Point ya saye ta a 2004. Comodo tana da ƙarfi, amma ta masu ilmin abin ce.

Ra'ayina a nan ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ga Alhaji da irinsa, ban ga amfanin ƙara kome a kan ta Windows ba. Na ga abin da ke faruwa da manhaja mai yawan tambaya: ranar farko mutum yana karantawa, rana ta uku ya gaji, daga nan duk abin da ya fito sai ya danna «Autoriser» ido rufe. Mai gadin da ke tashin mai gida sau talatin a dare, ƙarshensa a ce masa ya bar kowa ya wuce. Ga mai kukan forfe, akwai hanya mafi sauƙi: a cikin saitin wifi a kunna «connexion limitée», Windows zai rage abin da yake kwasowa da kansa. Malamin Dungas kuwa, tunda daga wasiƙarsa na ga mutum ne mai haƙurin karanta abin da allo ya rubuta, yana iya gwada TinyWall ko Windows Firewall Control, ɗaya daga ciki. Kada a haɗa ganuwa biyu masu cin gashin kansu a na'ura guda. Sukan yi karo, intanet ta tsaya, mutum ya rasa wanda zai tuhuma. Kuma duk wadda za a ɗauko, a ɗauko ta daga shafin masu ita, ba daga kilen wani ba. Manhajar tsaro ta sata da ake sayarwa jika biyu, kamar ka ɗauki mai gadi ne daga cikin waɗanda aka saki jiya.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Malam ya ji tsoron rasa sakamakon ɗalibai, kuma tsoron yana da tushe, amma ganuwa ba za ta raba shi da shi ba. A ofisoshinmu da shagunan buga takardu, ɓarawon ba ta intanet yake zuwa ba, a aljihu ake kawo shi. Kile, wato «clé USB», ita ce ke yawo daga ofishin magajin gari zuwa shagon fotokofi, daga can zuwa gida. Kowa ya san ciwon nan da ke mai da dukkan takardu su koma «raccourci», ka danna ka ga wayam. Ganuwa ba ta ganin kile ko kaɗan, domin ba ta ƙofar intanet ta shigo ba. Wannan aikin maganin birus ne, kuma shi ma Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu, muddin an bar shi a kunne ana sabunta shi. Kada wani ya ga kamar ƙauyanci ne ya jawo mana. Birus ɗin Conficker, wanda ya iya tafiya ta kile, ya shiga kwamfutocin sojan ruwan Faransa a farkon 2009. Haka nan ganuwa ba ta hana ka buɗe takardar da wani ya turo ta WhatsApp da sunan sanarwar ɗaukar ma'aikata, ba ta hana ka rubuta lambar sirrinka a shafin ƙarya. Wanda mai gida ya kama hannunsa ya shigo da shi, mai gadi ba ya da ta cewa.

Sa'an nan akwai tsufa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran 12 ga Mayu 2017 birus ɗin WannaCry ya kulle kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila da wasu masana'antun Renault, yana neman fansar dalar Amurka 300 a kan kowace na'ura, kusan jika 180 ke nan a kuɗinmu na lokacin. Tsagar da ya bi, Microsoft ya riga ya fitar da abin liƙe ta tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. To, Windows XP an daina yi masa gyara a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na kowa da kowa ya cika ran 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar Alhaji Windows 7 ce. Na gaya masa a fili cewa ganuwar da muka kunna tana rage haɗari, amma bangon ya daina samun magini. Ko dai a bar ta ta zama littafin bashi kawai, a raba ta da intanet, ya yi sauran harkokinsa a salula; ko a sa mata Linux Mint, wanda kyauta ne kuma yana tafiya a tsohuwar na'ura, a tuna a kunna tasa ganuwar domin a kashe take zuwa; ko a nemi wadda za ta ɗauki Windows 11. Wanda zai aika a sayo masa daga Kano ko Maraɗi, wannan ita ce tambayar farko da zai yi kafin ciniki, domin da yawa cikin na hannu masu arha ba su cika sharaɗin ba.

Alhaji ya zaɓi na farko, ya ce shi da ma bai ga abin da littafin bashi zai je yi a intanet ba. Kafin in tashi na sa ɗansa ya sayo kile sabuwa, wadda ba za ta taɓa shiga wata na'ura ba, muka kwafe littafin a ciki, aka sa ta a akwatin da yake ajiye takardun gona, da sharaɗin kowace Juma'a a sake kwafewa. Haka nake ba malamin Dungas shawara ya yi da sakamakon ɗalibansa tun yau, ya ƙara da bugawa a takarda ƙarshen kowane zango. Tun watannin da aka yanke mana wutar Najeriya, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, mun ga yadda janareta da wuta mai hawa da sauka ke kashe na'ura ba tare da hannun kowane ɓarawo ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar kilen da ta koma «raccourci», da yadda ake fito da takardun da ta ɓoye ba tare da an goge kome ba. Mai irin wannan kile ya adana ta, kada ya bari a yi mata «formater» kafin mu haɗu.