Raddi Ga Malamina Na Kabo Kan Baƙin Rami Da Nazariyyar Tsirkiya

 

Allah gafarta Malam, takardar da ka rubuta wa malaman kimiyya ta iso mana nan Gwarzo daga Kabo, na kuma karanta ta sau uku. A hannunka na fara koyon lissafi, don haka da nauyin baki nake wannan raddi. Sai dai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ka ce shi ne baƙin rami na sararin samaniya, da ramukan da ake cewa sun samu tun farkon halitta, da nazariyyar tsirkiya, duk tatsuniyar Turawa ce, a daina ɓata wa yara lokaci da ambatonsu. Ka zuba abu uku a buhu ɗaya, alhali nauyin hujjarsu ba ɗaya ba ne. Malaman hadisi sun rarrabe ingantacce da mai rauni da wanda aka ƙaga, kowanne da matsayinsa. Haka ya kamata mu yi a nan.

Na farko, ka ce ba wanda ya taɓa ganin baƙin rami. Baƙin rami wuri ne da nauyi ya cure har ƙarfin jansa ya hana ko haske fita. Da za a matse wannan ƙasa da muke kai har ta zama irinsa, da girmanta bai wuce na kanya guda ba. Lissafinsa ya fito daga nazarin Einstein na 1915, kuma ya daɗe a takarda kawai. Amma ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO a Amurka suka kama girgizar sarari da ta taso daga karon baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya ya kai nauyin rana 36, ɗayan 29. A Afrilun 2019 aka fitar da hoton inuwar wanda ke tsakiyar garken taurari na M87. Na tsakiyar namu garken kuwa, an yi shekaru ana bin taurarin da ke kewaya shi, aka auna nauyinsa ya kai na rana miliyan 4, aikin da ya sa aka ba Genzel da Ghez kyautar Nobel a 2020. Wannan kam magana ta ƙare.

Na biyu, ka ce ramukan farkon halitta ƙage ne tunda ba a samo ko ɗaya ba. Gaskiya ne ba a samo ba, kuma duk wanda ya gaya wa ɗalibi an samo ya yi masa ƙarya. Amma rashin samu daban, ƙage daban. Ramukan da muka sani gawar manyan taurari ne. Zel'dovich da Novikov na Rasha, a shekarun 1960, sannan Hawking a 1971, suka yi tambaya: kafin a yi taurari, a cikin daƙiƙar farko, lokacin da komai yake a cure da zafi, idan wani wuri ya fi maƙwabtansa cunkoso, ba zai rufta da kansa ba? Kamar gudajin da kan samu a tuwo tun yana kan wuta. Idan haka ta faru, ramin zai iya zama kowane irin girma, har wanda bai fi nauyin dutse ba.

Abin da ya raba wannan da tatsuniya shi ne ana iya kama shi da ƙarya, kuma an kama wani sashe nasa. Hawking ya nuna a 1974 cewa baƙin rami yana tsiyayar da zafi a hankali, ƙaramin ya fi saurin ƙarewa, don haka waɗanda ba su kai wajen tan miliyan 500 ba sun riga sun ƙare cikin shekara biliyan 13.8 da sararin ya yi. Wasu masana sun so a ce waɗannan ramuka su ne ɓoyayyen abin nan da ke riƙe da garken taurari, wanda ya ninka duk abin da ido ke gani kusan sau biyar. Sai aka sa ido a kan miliyoyin taurari shekara da shekaru, ana jiran rami ya gifta gaban tauraro ya lanƙwasa haskensa. Abin da aka gani bai kai yadda ake tsammani ba, sai aka rufe wannan ƙofa ga masu girma iri-iri. Saura 'yar taga ga masu nauyin manyan duwatsun sarari. Kuma ga alama bayyananniya da ake jira: mutuwar tauraro ba ta haifar da ramin da bai kai nauyin rana ba. Ranar da aka ci karo da irinsa, magana za ta canja.

Na uku, nazariyyar tsirkiya. A nan na fi kusa da kai. Cewa take yi ƙwayoyin da aka gina komai da su ƙananan zarurruka ne masu kaɗawa, yadda tsirkiyar molo ɗaya take ba da amo iri-iri. Tana buƙatar fuskoki goma, mu kuwa huɗu muka sani, tsawo da faɗi da zurfi da lokaci. Babbar na'urar CERN da ke kusa da Janeba, mai zagayen kilomita 27, ba ta gano sababbin ƙwayoyin da mabiyanta da yawa suka sa rai ba. Masu amfani da ita wajen bayanin farkon halitta sukan fitar da siffofi barkatai, wasu na haifar da ramukan farko, wasu ba sa haifarwa, kuma wannan yawa rauni ne. Duk da haka ba shirme ba ce. A 1996 Strominger da Vafa suka ƙirga yanaye-yanayen cikin wani nau'in baƙin rami da ita, amsar ta zo daidai da wadda Bekenstein da Hawking suka samu ta wata hanya dabam. Lissafi ne mai ƙarfi da gwaji bai tabbatar ba, kuma haka nake faɗa wa ɗalibaina. Ka lura kuma, ko da tsirkiya ta tsinke gobe, zancen ramukan farko yana nan, domin bai rataya a kanta ba.

Na huɗu shi ya fi yi mini ciwo, inda ka ce wannan ba ilimin 'ya'yan manoma ba ne. Malam, lanƙwasar hasken da na ambata, a maƙwabtanmu aka auna ta. A tsibirin Principe da ke tekun kudu da Najeriya Eddington ya ɗauki hoton husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, don auna ta. Ka kuma tuna husufin 29 ga Maris, 2006, da ya rufe rana a Katsina da Kazaure, an faɗi ranarsa da lokacinsa tun da wuri, ya zo bai saɓa ba. Abdus Salam daga ƙaramin garin Jhang na Fakistan ya taso, ya karɓi Nobel a 1979. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe a 1977, don yaran karkara irin namu aka yi su. Yaron da ya kwana a tsakar gida da bazara yana kallon Kaza da 'Ya'yanta ya fi ɗan birni ganin sama, kuma tambayarsa takan fi tamu zurfi.

Roƙona gare ka, ka janye kiran da ka yi na a rufe wannan babi. Mu koyar da ukun, kowanne da darajarsa: wannan an tabbatar, wannan ana nema, wannan lissafi ne tukuna. Idan akwai inda na kauce, ka gyara mini a rubuce, zan karanta wa ɗalibaina gyaran da bakina.

Wassalamu alaikum. Daga ɗalibinka na Gwarzo.