Wa Ya Ba Ka Makullin Jahannama?

A Hausa kalma ɗaya ce, wuta: da ta murhu da ta lahira. Shi ya sa bakin da ya saba cewa "wane ɗan wuta ne", hannun mai shi ba ya jin nauyin ƙyasta ashana. Mun gani a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, mun sake gani a Maraɗi a Yunin 2019, da aka ƙone majami'a.

Ƴan uwa ɗalibai, Kiristocin Tsibirin Gobir Hausawa ne kamarmu. Da tiya ɗaya ake auna mana hatsi a kasuwannin Gazawa da Gidan Rumji. Ka san yadda ɗayansu zai cika? Kai kanka fa, ka san naka ƙarshen?

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta cewa waɗanda saƙon Annabi (SAW) bai iske ba, ko ya iske su a gurɓace, suna da uzuri. Malami kamarsa ya yi taka-tsantsan, sai kai da ka yi karatu a WhatsApp?

In da'awa kake so, yi ta da kyakkyawan hali. Amma rabon gidajen lahira, wallahi ba a wakilta ka ba.