Garin Da Ke Shirin Sayar Da Sanyi

A yankin Wales na ƙasar Birtaniya akwai wani gari da ake kira Merthyr Tydfil. A zamanin da ƙarfe da kwal su ne abincinsa, a can ne ma a 1804 kan jirgi mai aiki da tururi ya fara jan kaya a bisa dogo. Yau masana'antun sun mutu, ramukan kwal sun rufe.

To, sai ga wani kamfani da shirin gina ƙaton zaure a wani fili da ake kira Rhydycar West, inda injuna za su riƙa yin dusar ƙanƙara rani da damina, jama'a su biya kuɗi su yi wasan zamiya a gangare mai tsawon kimanin mita 400, ga masaukai, ga wurin ninƙaya. Ma'aikatan tsara gari sun ce a ƙi, don zai ɓata kyan wurin, amma a 2025 kansiloli suka goyi bayansa. Abin da suka hango shi ne aikin yi ga 'ya'yansu.

Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya ce. Dubai, inda rana ke ƙuna kamar ta Sakkwato, ta buɗe irin wannan zaure tun 2005, Masar ta bi sahu a 2017. Sirrin abin wutar lantarki ce wadda ba ta ƙiftawa, gama in ta ɗauke, ƙanƙarar ta koma ruwa.

Wanda ya san Kafanchan zai ji tausayin mutanen Merthyr, domin ciwonsu ɗaya. Reluwe ce ta raya Kafanchan tun wajen 1927, sa'ad da ta zama mahaɗar dogon Fatakwal da na Kaduna da na Jos. Da jirgi ya yi sanyi, garin ya ji a jikinsa. Bambancin kawai, abin da Turawa za su saya da miliyoyin fam, Allah ya ba kudancin Jihar Kaduna irinsa kyauta. Ga ruwan Matsirga yana zubowa daga dutse, ga tsaunin Kagoro da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa ba da injin kowa ba.

Amma fa gini kaɗai ba ya kiran baƙo. An buɗe Tinapa a Kalaba a 2007 da kiɗa da algaita, ba a jima ba shagunanta suka zama kango. Baƙo yana tambayar hanya, da wuta, da ko zai kwana da ido biyu rufe, kuma wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ci wa yankin tuwo a ƙwarya.

Gwantu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, tana kan hanyar Akwanga zuwa Jos. Kullum motoci na ratsa ta ɗauke da masu neman sanyin Filato, da kuɗinsu a aljihu. In sun tsaya, to doya ko lemo za su saya a bakin titi, direba yana danna oda.