A karɓi takardar mushe tun kafin bakansi

Jama'ar kasuwa, musamman iyaye mata na Gangara da Gazawa da Agye, maganar ga taku ce. Ɗanku na ajin ƙarshe na lise, yana son karatun shari'a? To, kada ku jira sakamakon bak kafin ku motsa.

Jami'ar Maraɗi ba ta da sashen shari'a. Sai dai Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Tawa da aka buɗe a 2010, ko ƙetare kamar Bayero ta Kano. Makarantun waje da masu ba da bus sukan nemi takardar shaida daga malamin da ya san yaro. A nan ake tuntuɓe. Sakamako na fitowa cikin damina, lokacin mushe ya tafi hutu, wani yana gona, wani ya koma garinsu. Lakkwal kuwa sai Oktoba. Ranar rufe karɓar dosiye ba ta san da wannan ba.

A ganina, yaro ya roƙi takardar tun watan Mayu, wurin malamai biyu, don ɗaya na iya mantawa. Malamin da ya karantar da shi ya fi babban mutumin da bai san sunansa ba, ko da ɗan majalisa ne.

Takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa su ma a haɗa su yanzu. Kuɗin mota da na tambur kuma a ware su daga adashi, don waken bana ba zai shigo kasuwa ba sai an rufe rajista a wurare da dama.