Hunturu a Yammacin Zamfara: Tsoffin Garuruwa da Wasannin Bayan Kaka

A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, hunturu shi ne lokacin da manomi yake samun kansa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska mai sanyi takan kaɗo daga hamada da hazo da ƙura, daidai lokacin da gero da dawa suka shiga rumbu, aka roro wake, aka kai auduga kasuwa. Hanyoyi sun bushe, gulbi ya janye, kowa da ɗan abin hannunsa. Shi ya sa tun kaka da kakanni a wannan tsakani ake ɗaura aure, a yi ziyara, a buɗe fagen wasanni. Sallah tana bin lissafin wata, tana zagaya shekara, wani lokaci ta faɗo cikin damina, wani lokaci cikin bazara. Wasannin bayan kaka kuwa gona suke bi, ba sa kauce wa sanyi.

Baƙon da ya taso daga Gusau yakan ratse a Mayanchi ya miƙi hanyar yamma, garin tarihi na farko da zai tarar shi ne Anka, mazaunin Sarkin Zamfara. Wannan sarauta ta girmi garin nesa ba kusa ba. Tarihin baka ya nuna Zamfarawa sun fara kafa mulki a Dutsi, sannan suka gina Birnin Zamfara a wajejen Isa ta yanzu. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci birnin, suka kafa Alƙalawa. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura, ya zauna a Kiyawa da wasu wurare, kafin ya tabbata a Anka cikin ƙarni na 19. A ƙasar Zamfara ne kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi kafin jihadi. Saboda haka wanda ya tsaya a ƙofar fadar Anka da hantsi, ya ga hakimai da dogarai suna shiga gaisuwa, yana kallon ragowar ɗaya daga cikin tsoffin daulolin ƙasar Hausa ne. Ita ce ma ta ba jihar Zamfara sunanta lokacin da aka ƙirƙiro ta ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Daga Anka hanya takan zarce ta Daki Takwas zuwa Gummi, inda ake kiran sarki Sarkin Mafara. Gummi garin fadama ne, gulbin Zamfara ya ratsa ƙasarta, ana noman shinkafa da albasa da kayan lambu da rani. Garin malamai ne kuma, a nan aka haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, tsohon Alƙalin Alƙalan Arewa, wanda ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Tsakanin garuruwan biyu akwai Bukkuyum ta Sarkin Danko, da tsoffin garuruwanta irin su Zugu da Nasarawar Burkullu da Gwashi.

Babban wasan hunturu shi ne dambe, wanda asalinsa na mahauta ne. Da la'asar sakaliya mutane kan yi da'ira a bayan gari, masu kalangu su ɗauki taken ɗan wasa. Shi kuwa yana gefe ana naɗa masa zare a hannu, zagaye bayan zagaye, har dunƙulen ya yi tauri kamar dutse. Ya tashi ya yi kirari, ya miƙa ɗaya hannun gaba yana kare kai, yana auna abokin karawa. Da zarar gwiwa ko hannun mutum ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, fage ya kaure da sowa, masu kari su shigo. Waƙoƙin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago sun isa shaida a kan matsayin dambe a ƙasar Sakkwato da Zamfara.

Kokawa ta manoma ce, ƙauye ya gayyaci ƙauye, a yi ta da farin wata, wanda ya yi kaye a ɗaga shi sama. Fulani suna da sharo, inda saurayi zai tsaya a zuba masa bulala bai ko motsa ba. Samari da 'yan mata suna da kalankuwa ta murnar amfanin gona. Idan sanyi ya fara ja baya, ruwa ya ragu a tafkuna, sai Sarkin Ruwa ya ba da izinin su, jama'a su faɗa ruwa da homa da gora a rana guda. A gefen kowane fage akwai kasuwa, ga masu tsire da balangu, ga rake da dafaffiyar gyaɗa, ga hoce da fura da nono. A fada kuma kiɗan kotso da taushi ne, fannin da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka ɗaukaka sunan Zamfara da shi.

Wasu ƙasashe sun mayar da irin wannan gado hanyar samun arziki. A Sifaniya, birnin Garnaɗa, wanda mulkin Musulmin Andalus ya ƙare a cikinsa a 1492, yana karɓar baƙi fiye da miliyan biyu a shekara masu zuwa ganin fadar Alhamra, kuma hutun sanyi daga Kirsimeti zuwa 6 ga Janairu lokacin ciniki ne sosai. Nan kusa, Jamhuriyar Nijar ta mayar da kokawa gasar ƙasa tun 1975, ana ba zakara takobi. A Argungu, bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ya shiga kundin hukumar UNESCO a 2016.

A yammacin Zamfara al'amarin ya ja baya. Shari'ar da aka fara aiki da ita a shekara ta 2000 ta sauya fasalin wasu wasanni, musamman masu cuɗanyar maza da mata. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Mafi muni shi ne ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya tashi ƙauyuka, ya cika garin Anka da 'yan gudun hijira, ya hana taron dare. A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layukan waya. Inda manomi bai girbe ba, babu zancen kalankuwa.

Duk da haka Argungu ta nuna biki yana iya dawowa, domin an yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, aka farfaɗo da shi a 2020. Sharaɗi na farko shi ne tsaron hanya da gona. Kafin wannan ya samu, akwai aikin da ba ya jira. Masarautun uku suna iya ɗaukar muryoyin dattawan fada da tsoffin makaɗa da 'yan dambe, a rubuta jerin sarakuna da kirarinsu, a adana tambura da kayan yaƙi, a koyar da tarihin a makarantu. Idan zaman lafiya ya dawo, sai a tsayar da ranakun wasa a kowace shekara, a tanadi masauki, a horar da matasan da za su zagaya da baƙi, yadda kuɗin da baƙo zai kashe zai tsaya a hannun mutanen gari.