Sigina ba ta ado ba ce: zare kan ƙwan LED 🧵

1/ Jiya a shataletale saura ƙiris in daki bayan wata Corolla. Mutumin ya kunna sigina fa, amma shuɗiya ce, tana ƙyafta-ƙyafta kamar fitilar gidan biki. Kafin in gane kwana zai yi, har na taka birkin da ya kusa kifar da ni a kan mashin. Bari mu yi maganar LED ɗin nan.

2/ Ni ba na gaba da LED. Tsohon ƙwan sigina wat 21 yake ci, LED bai fi wasu 'yan wat ba. Kuma nan take yake kamawa, tsohon kuwa sai zaren cikinsa ya yi zafi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A gudun kilomita 100, wannan ya haura mita 5. Na bayanka ya ƙaru.

3/ Matsalar daga sakawa take. Filashar motarka tana auna wutar da ƙwai ke ja. In ta ji wutar ta ragu sai ta ɗauka ƙwan ya mutu, ta fara bugawa da sauri don ta ankarar da kai. Kana saka LED ta fara wannan rawar, kai kuma kana cewa "yanzu ta yi yayi". Malam, mota ce take maka ƙorafi.

4/ Ƙa'idar masu ƙera motoci: bugu 60 zuwa 120 a minti. Abin da ya wuce haka, ido ba ya karanta shi a matsayin "zan yi kwana", musamman da rana tsaka.

5/ Mai wayarin zai ce a ɗaura resista, yawanci mai om 6. Tana gyara bugun, gaskiya ne. Amma wutar da ka ce ka rage ita take ƙonawa, tana zafi har ta narka roba in an manna ta jikin waya. Sannan ran da LED ɗin ya mutu, filasha ba za ta sani ba. Kana ta kunna sigina kai kaɗai kake jin ƙas-ƙas.

In motarka mai filashar da ake cirewa ce, sayi wadda aka yi don LED. Ta fi.

6/ Launi kuwa, a gaba ruwan goro ne. Ba shuɗi ba, ba fari ba. In gilashinka fari ne, ƙwan dole ya zama ruwan goro.

7/ Masu arha ɗin nan haskensu gaba kawai yake harbawa, madubin cikin fitilar ba ya samun abin watsawa. Da daddare a gareji sai ka ga kamar walƙiya. Kafin ka biya, fito da motar rana, ja da baya taku ashirin, ka kuma duba ta gefe. In sai ka kanne ido kake ganin bugun, ce a mayar maka da tsohon ƙwanka.