JAKAR BAL'AMU TA FI SHI GANI

 

Mu da muke zaune a kudancin kogin Kaduna, Kakuri da Makera da Nasarawa, muna kwana muna tashi da maƙwabta Kirista, kuma a littafin da ke hannunsu akwai ƙissar da ya kamata ta hana wasu malamanmu barci. Ita ce ƙissar Bal'amu, a Littafin Ƙidaya, sura 22 zuwa 24. Ɗabari da Ibn Kasir sun ruwaito daga magabata cewa shi ake nufi a Suratul A'araf, aya 175 da 176, wanda aka ba ayoyi ya saɓule daga cikinsu, aka misalta shi da kare. A wurinmu ba Annabi ba ne, domin Annabawa ma'asumai ne. Malami ne mai karɓaɓɓiyar addu'a.

Balak, sarkin Mowab, ya aika masa da lada don ya la'anci jama'ar Annabi Musa (A.S.). Aka hana shi, ya hanu. Da aka turo manyan jakadu da alkawari mafi tsoka, sai ya ce su kwana ya sake tambayar Ubangiji. Subhanallah! Me zai tambaya bayan an riga an ba shi amsa? Ba hukunci yake nema ba, ƙofa yake nema. A hanya jakarsa ta ga mala'ika ta noƙe, shi mai ilmin bai gani ba, yana ta jibgarta. Bakinsa ya sa albarka don ba shi da iko da shi, amma ya koya wa maƙiya dabarar tura mata cikin rundunar, har annoba ta kashe mutum 24,000. Ga ɗa'a a harshe, ga ciniki a zuci.

To, a dubi bayin Allah na gaskiya. A Suratush Shu'ara, Nuhu da Hudu da Salihu da Luɗu da Shu'aibu (A.S.) kowannensu ya shaida wa mutanensa ba ya neman lada wurinsu. A littafin maƙwabtan namu ma, Alyasa'u (A.S.) ya ƙi karɓar kyautar Na'aman bayan ya warke daga kuturta, kuma Mikaiya ya tsaya shi kaɗai gaban sarki Ahab ya saɓa wa 'yan amshin shata wajen 400, aka jefa shi kurkuku. A ƙasarmu, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya raba wa malamai dukiya a Magami, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo bai karɓa ba. Ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan sarƙa, a sassauta wa talakawa haraji.

Ya ku 'yan'uwa, mun san halin da muke ciki. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun kwashe yawancin jama'armu zuwa hayin arewa, masaƙun Kakuri sun mutu, sahu ya ragu, asusun masallaci ya bushe. A irin wannan hali jakadun Balak suke zuwa, da buhun shinkafa da kujerar Makka. Malam ya karɓa da dare, ranar Juma'a sai ga aya da hadisi sun fito daidai wuyan mai kyautar. Ba ƙarya ya karanta ba, Bal'amu ma bai yi ƙarya ba. Amma ayar ɗa'a ga shugabanni ba ta zuwa bakinsa sai nasa ne a kan kujera, ayar zalunci kuwa sai an manta da shi wurin rabo. Kada wani ya ce da ɗariƙa kawai muke; cikinmu masu kiran Sunna cutar ta shiga, kuma tamu ta fi muni, don mu muka ce mun zo gyara.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatanmu na wannan hayi: duk abin da ɗan siyasa ya kawo, a karanta shi gaban jama'a bayan sallar Juma'a, da sunan mai bayarwa da adadinsa, kafin liman ya sake hawa mumbari.